Ƙwan Zabin Likita

Ƙwan ya suɓuce daga hannun hagun Salamatu ya fashe a kan ƙafarta. Ta sa hannu cikin ƙwarya za ta gyara biyun da suka rage, yatsun suka ƙi rufuwa.

"Inna, mi ya samu bakinki?" in ji Raliya, 'yarta da ta zo wuni daga Zagga. "Ya karkace fa!"

"Ba komi. Kula da ƙwan likita, kak ki taka."

Shekara biyu ke nan da ciwon kai da jiri suka kai Salamatu gaban Likita Ibrahim Khalil a Bagudo. Ya ɗaura mata abin awo a damtse, ya ce hawan jini ne, magani kullum ba fashi, a zo a karɓa Talatar farkon kowane wata. Da ya ga gwiwoyinta ba sa shiri da babur, ga hanyar ƙauyensu ta bayan Bahindi duk rami, sai ya yarda ɗanta Zulkiflu, ɗan kabu-kabu, ya riƙa karɓo mata, ita kuma ta leƙo bayan wata uku-uku. Daga baya Zulkiflu ya kawo albishir cewa likita ya ce ma ta huta da zuwan.

Salamatu ba ta iya cin alheri ta share baki ba. Da rani man shanu take aika wa likita, da damina ƙwan zabi. Zulkiflu kuma ya dawo da ƙwayoyi a ƙunshin takarda, da gaisuwa mai daɗi. Babu matar da ba ta gaji da jin labarin ɗan nan a bakin rijiya ba. Yau ma Talata ce, tun asuba ya fita da kwano cike da ƙwai. Waɗannan ukun daga baya ta tsinto su a gindin geza.

"Tashi mu tahi asibiti," in ji Raliya, tana ƙwala wa maƙwabcinsu mai babur kira.

"To, mu tahi. Ai muna iske Zulkiflu can bisa layi."

*

Masu hawan jini da masu ciwon suga sun cika bencin baranda, wasu na tari, wasu na riƙe da ƙugu. Salamatu ta bi fuskokin ɗaya bayan ɗaya, babu Zulkiflu. Ta ce a ranta ƙila ya zaga shan shayi.

Nas Hamdiyya ta auna ta, ta kwance, ta sake aunawa, ta kira sabon likita da gudu. Bayan an yi mata allura Hamdiyya ta buɗe fayil, sannan ta juye ƙwayoyin da Raliya ta ƙullo a gefen zane.

"Baba, wa ya ba ki wannan? Maganin ciwon kai ne na tebur, irin da ake aunawa a kasuwar bakin iyaka. Nan kuma wata takwas rabon da a karɓi naki."

"A'a, ɗiyata, duba da kyau. Kira min likitana, shi ya san ni. Ga ƙwai ma na riƙo mishi."

Hamdiyya ta ajiye biro a hankali.

"Likita Ibrahim? Allah ya jiƙan shi. Yau wata bakwai, haɗarin mota."

Salamatu ta ji kamar an zare mata tabarma tana tsaye. Wata bakwai mamaci yana gaishe ta. Watan jiya ma ya ce a faɗa mata ta rage gishiri, kuma ta rage. Kowace safiya ta haɗiyi ƙwayar nan sai ta sa wa Zulkiflu albarka kafin ta ajiye moɗa. Abin ya yi mata ciwo fiye da hannun da ya mutu.

"Talata!" in ji Raliya. "Ranar kasuwar iyakar Benin ta, Inna. Ranar da yaka jigilar shinkahwa. Wuni guda cikin wata ya kasa bar miki!"

"Wa ke karɓar miki?" Hamdiyya ta tambaya.

"Ni na yi sakaci," in ji Salamatu, idonta a ƙasa.

Sabon likita ya ce a ba ta gado. Ya yi lallashi, ya yi faɗa, Raliya ta yi kuka. Salamatu ta ce gobe ta dawo su yi yadda suke so da ita, amma yau akwai wanda take jira a gida.

*

Rana ta yi ja aka ji ƙarar babur a ƙofar gida. Salamatu na zaune a kan tabarma, ta ja mayafi ta rufe gefen bakinta, hannun hagu na kwance a cinyarta. Ta riga ta haɗa Raliya da Allah kada ta fito daga ɗaki. Har lokacin tana fata. Da zai durƙusa ya faɗi gaskiya, wallahi da ta yafe kafin ya rufe baki.

Zulkiflu ya shigo da sallama, ƙafafunsa dumu-dumu da jar laka, waya a kunne. Ya gama cinikinsa, ya zaro ƙunshin takarda daga aljihu.

"Inna, ga maganinki. Layi yau ba a magana."

"Sannu da wahala. Yaya likita?"

"Lahiya lau. Shina gaishe ki ƙwarai. Ya ce ƙwan ga sun hi na watan jiya daɗi."

Ta miƙa masa hannun hagu, ta tallafe shi da na dama. Ya zuba mata ƙwaya ɗaya a tafi, idonsa na kan wayar, ya wuce wajen randa. Yatsun ba su rufu ba. Ƙwayar ta gangara ta faɗi cikin yashi.

Wata zabuwa ta taho da sauri ta tsattsage ta, ta yar, ta yi gaba.