Igiyar Safar Rufus

A garinmu in aka ambaci Goggo Alestine, kowa da abin da yake faɗa. Tsofaffi su ce duk wanda ya hau dutse da safar hannun da ta ɗinka, da yatsunsa goma yake saukowa. Matasa su ce ai da ne, yanzu ido ya tafi. Wasu kuwa sukan rage murya su ce, "Tun abin da ya sami Rufus ta ajiye allura."

Rufus ɗan ƙanenta ne, a hannunta ya tashi. Ni abokin farautarsa ne, shekara ashirin muna bin ragon dutse tare.

Safarta ta fata ce mai ƙamshin hayaƙi, da gashin zomo a ciki. Takan haɗa hagu da dama da igiyar ulu da ta kitsa, a rataya a wuya. In za ka yi harbi ko fiɗa sai ka zare su, su yi ta lilo a ƙirjinka, iska ba ta da yadda za ta yi da su.

Bara waccan wasu baƙi 'yan birni suka bi mu. Ɗayansu ya dubi igiyar ya ce, "Rufus, yaushe za a yaye ka? 'Yata ma tun tana aji ɗaya ta daina rataya wannan." Aka yi dariya. Da muka tsaya shan shayi na ga Rufus ya juya baya, ya sa wuƙa ya datse igiyar.

Bayan kwana biyu, can ƙololuwa, ya ajiye safar a kan dutse yana fiɗa. Iska ta sure ta hagun, muna kallo ta faɗa kwazazzabo. Tsakaninmu da tanti tafiyar awa biyar. Na ba shi safar ƙafata ta canji ya zura hannun, amma ta jiƙe da jinin rago ta daskare. A asibiti aka cire masa yatsu biyu da sanyi ya kashe.

Da Goggo ta zo dubiya ta tambayi yadda aka yi, ya ce, "Igiyar ce ta tsinke." Ina tsaye a bakin gadon, ban ƙaryata shi ba. Ta karɓi ta daman da guntun igiyarta, ta sa a jaka. Magana ta zaga gari, mutane suka daina kawo mata fata, ita kuma ba ta bi kowa ba.

Bana da sanyi ya kama, muka baje kayan tafiya farauta a falon Rufus: rigunan ulu, jakar barci, tamfol, busasshen nama, ashana kashi uku, kowane da inda za a ɓoye shi.

"Cire wandon audugar nan," na ce masa. "In ya jiƙe a jikinka ba ni zan goyo ka ba."

Ya gwada safar da ya sayo a kanti, yatsu biyu na reto babu komai a ciki. Matarsa Effie ta ce, "Kashi na huɗu na ashanar ka zuba a nan, kada wurin ya tafi a banza."

Muna cikin dariya Goggo ta turo ƙofa, tana kaɗe ƙanƙara daga takalmi.

"An ce da wannan ledar za ka koma dutse," ta ce. Ta ajiye sabuwar safa a kan tebur, ta hagun an rage ta daidai hannunsa. "Igiyar riɓi huɗu na kitsa ta. Ja ka ji."

Bai taɓa ba. Sai ta zaro tsohuwar ta ajiye a gefenta, ta shafa bakin guntun igiyar da babban yatsa.

"Ulu in ya tsinke yakan yi gashi-gashi," ta ce. "Shekara biyu ina duban wannan, ɗana, ban ga gashi ba."

Na sunkuyar da kai. Effie ta dubi mijinta, ta dube ni.

Rufus ya ɗauki sabuwar, ya rataya igiyar a wuya.

"Goggo, ba ta tsinke ba. Da wuƙata na yanke ta don an yi mini dariya, na bari aka ɗora miki. Ki yafe mini."