Akwatin da Baba Ya Shirya

Ma'aikaciyar kantar filin jirgin sama ta sake duban lambobin sikelin, ta ɗago kai ta ce akwatin ya wuce ƙa'ida, sai dai a rage kaya.

Auta ta yi dariya. Ba raini ya sa ta ba, maganar ce ba ta shiga kunne. Akwatin Baba ya yi nauyi? Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa daga wannan jirgi zuwa wancan, yana gyara wa kamfanoni injinan buga takardu, wanda ita da Yaya suka laƙaba wa suna Sikeli a bayan idonsa? Jaka kawai zai ɗaga da yatsu biyu ya faɗi nauyinta, in aka auna a tarar haka ne. Tun suna ƙanana suka haddace dokokinsa. Riga nannaɗe ta ake yi, ba a ninkewa. Abu mai nauyi ƙasa yake zama, wajen taya. Magani da riga guda a ƙaramar jaka. Fasfo kuwa a aljihun ƙirji, a ɓalla maɓalli, kuma ba a ba kowa riƙo. Marigayiya Mama ta sha faɗa wa baƙi cewa ta haifa wa mutumin nan 'ya'ya, ta yi jinyarsa, amma bai taɓa yarda ta riƙe masa fasfo ya shiga ban-ɗaki ba. Yanzu ma da hannunsa ya miƙa wa ma'aikaciyar, tana gama dubawa ya karɓe abinsa ya mayar aljihu ya ɓalla maɓalli.

"Sikelinku ne ba shi da lafiya, yarinya," in ji Baba. "A kira mai gyara."

Ma'aikaciyar ta yi murmushi irin na wadda ta saba jin haka. Ta roƙe su su matsa gefe su duba, in sun gama su dawo ba sai sun sake bin layi ba.

Auta ta jawo akwatin zuwa gindin wani ginshiƙi, kanta a sunkuye, don ita ko layin banki ne aka ce ta koma gefe sai ta ji kamar an kama ta da sata. Tunda Yaya ya aiko tikitin daga ƙasar waje ya ce Baba ya zo ya ga jikarsa, ba ta sake samun sukuni ba. Duk wani rubutu da ta gani a waya a kan tafiyar tsofaffi ta karanta shi. Ta zaɓa masa kujerar bakin hanya saboda gwiwarsa, ta saya masa safa mai matse ƙafa. Ta nemi a tura shi a keken marasa lafiya a filin da zai canza jirgi, ya kusa cinye ta ɗanya, dole ta soke. Shirya akwati kaɗai ba ta ko tayar da zancensa ba. Wa zai ce wa Sikeli kawo in taya ka?

Ta durƙusa. Ɗan kwaɗon yana kulle, amma a kunnen zif guda ɗaya ya maƙale, ɗayan kunnen yana can gefe yana lilo. Ta ɗan tsaya tana kallonsa, sannan ta zuge.

Shirin ya yi kyau. Abin da ta fara gani ke nan, har ta ji sanyi a ranta. Naɗi jere da naɗi, kowanne daidai da ɗan'uwansa, ba inda allura za ta shiga. Ta zaro na farko don ta ga me ke ƙasa, ya warware a hannunta. Labulen tagar kicin ne, mai furanni, da ƙugiyoyinsa.

Ta ajiye shi a gwiwa ta zaro na biyu. Zanen teburin cin abinci. Na uku ɗayan labulen. A ƙarƙashinsu dutsen guga ne da butar shayi ta lantarki, kowanne an naɗe masa wayarsa an ɗaure da roba. Takalma biyu, fuska da fuska a cikin leda yadda ya koya musu, ɗaya baƙi ɗaya ruwan ƙasa, duka na ƙafar hagu. Ta tura hannu cikin wata safa ta ji abu mai santsi, ta ciro ƙwan fitila. Wata safar rimot ɗin talabijin ne. Can ƙasa wajen taya, inda mai nauyi ke zama, agogon bangon falo ne kwance cikin tawul.

Ba riga, ba wando, ko singileti babu.

Ta rasa inda za ta sa idonta. Hayaniyar filin ta koma kamar daga ƙarƙashin ruwa take fitowa. Wata mata mai tura keken kaya ta rage tafiya ta leƙa, ta ce wa ta kusa da ita wannan kam tashi suke yi gaba ɗaya, suka wuce suna dariya. Auta ta miƙa hannu ta zare ƙaramar jakar daga kafaɗar Baba, abin da ba ta taɓa yi ba. Inda maganin hawan jininsa ya kamata ya kasance cokula ne, an jera su baki ɗaya an naɗe da hankici.

"Wa ya taɓa mini kaya?"

Muryarsa ta fito da ƙarfinta na da. Ya ce ai ya faɗa, ya sha faɗa, matar nan mai zuwa shara ba ta da hankali, ko kuma ita Autar ce ta zo da iyayinta. Ya sunkuya da ƙyar ya ɗauko agogon, ya juya bayansa kamar mai neman shaidar ɓarawo. Batirin ba ya cikin gidansa. An cire shi, an manna shi a gefe da salatif, an lanƙwasa bakin salatif ɗin don ya yi sauƙin ɓarewa. Duk duniya mutum ɗaya Auta ta sani da ke lanƙwasa bakin salatif haka.

Shi ma ya san shi, aikin hannunsa ne. Ya daɗe yana shafa wurin da babban yatsa.

Sai abubuwa suka riƙa dawo mata ɗaya bayan ɗaya, kowanne da uzurin da ta ba shi a lokacin. Ranar da ta tarar da famfon lambu a buɗe ruwa ya malale har ƙofar gida, ta ce ai famfon ne ya tsufa. Ranar da ya tambaye ta labarin aikinta a ɗakin gwajin asibiti, ta ba shi, shayi bai huce ba ya sake tambaya, ta ce kewar Mama ce. Ita da ke wuni tana leƙa jinin mutane a madubi tana gano cutar da ido ba ya gani, ƙarshen mako take zuwa ta zauna da ubanta ta tashi ba ta ga komai ba.

Wayarta ta yi ƙara. Yaya ne. Ta matsa bayan ginshiƙin ta faɗa masa, maganar tana fita a guntattake. Da fari dariya ya yi, ya ce Sikeli ya fara wasan kwaikwayo da tsufa. Da ta ambaci cokulan sai dariyar ta tsaya. Daga nan ya ɗauko muryar nan tasa ta babban wa, wadda tun tana ƙarama in ta ji ta sai ta ce to. Ya ce gajiya ce da zaman kaɗaici. Ta kwashe tarkacen ta kai mota, ta saka shi a jirgi da kayan jikinsa, in ya iso zai saya masa komai sabo. Can ma likitocin sun fi, zai kai shi a duba shi. Matarsa ta gyara ɗaki, yarinya ta koyi cewa Kaka.

"Yaya, zai canza jirgi. Shi kaɗai."

"Mutumin da ya san filayen jirgi kamar tsakar gidansa? Haba Auta. Kar tsoronki ya hana shi ganin jikarsa."

Maganar ta same ta inda take da ciwo, don gaskiya ce, ita matsoraciya ce, kowa a gidan ya sani. Kuma tana son ta yarda. Ba abin da ya fi sauƙi irin ta yi yadda aka ce, ta ɗaga masa hannu, ta koma mota ta yi kukanta. Ta ce wa Yaya za ta kira shi.

Baba yana nan tsaye da agogon a ƙirji. Ta daidaita muryarta yadda take yi wa masu tsoron allura, ta tambaye shi in ya sauka a filin farko me zai yi. Nan take ya amsa, har da ɗan jin haushin tambayar. Ba a tsayawa kallon shaguna, allo ake fara nema, a duba lambar ƙofa, a je a zauna kusa da ita. Auta ta ji numfashinta ya dawo. Wataƙila Yaya ne da gaskiya.

"To in ka isa can fa, Baba?"

"Direban kamfanin zai zo. In duba musu injin, jibi in juyo."

Ya faɗa yana gyara wuyan rigarsa. Sannan ya dubi fuskarta, ya ga abin da ke ciki. Ta ga idanunsa suna laluben wani abu, kamar mai neman makunnin fitila a ɗakin da ba nasa ba.

"Wajen yayanki," ya ce a hankali. "Wajen yayanki za ni. Na sani."

Lasifika ta kira fasinjojin jirgin Baba da ba su miƙa kaya ba. Ma'aikaciyar ta leƙo daga kantar ta yi wa Auta alama da hannu cewa lokaci na tafiya. Wayar ta sake ɗaukar ƙara a tafinta. Ta san abin da ya kamata ta faɗa, kalmomin suna bakinta, amma ta yaya ake ce wa Sikeli ba zai iya tafiya ba, a tsakiyar filin jirgi, mutane na kallo?

Baba ya dafa ginshiƙin ya durƙusa, gwiwarsa ta yi ƙara. Ya shimfiɗa tawul ya kwantar da agogon a ƙasa wajen taya. Ya sa dutsen guga, ya sa buta. Ya karɓi labulen daga gwiwarta ya nannaɗe shi da tafin hannu, sau ɗaya, ya fito daidai da sauran. Ba ya sauri, hannunsa ba ya rawa. Da ya gama ya zuge, ya haɗa kunnuwan zif ɗin biyu ya datse kwaɗon. Ta kama shi ya miƙe.

Ya dubi kantar, ya dubi allon da ke sama, ya daɗe. Sannan ya kai hannu aljihun ƙirjinsa ya ɓalle maɓallin.

"Riƙe," ya ce. "Ki faɗa wa yarinyar can ta ba wani kujerar. Kuma kar ki sa shi a jaka."

Rigarta ba ta da aljihu. Ta riƙe fasfon da hannu biyu, da ɗumin jikinsa a bangon, wayar na ta ruri a ƙarƙashinsa. Baba ya kama hannun akwatin ya juya, ya yi 'yan taku, ya tsaya yana jiran ta nuna masa ƙofar fita.