Waya a Bakin Mai Guɗa

A duk faɗin Roni, idan aka yi biki Inna Mairo ba ta rangaɗa guɗa ba, mutane kan tambaya ko an fasa auren ne. Ta kama hanci da yatsu biyu, ta ɗaga kai, sai ka ji kajin unguwa sun watse. Ba kuɗi take karɓa ba, ita dai Allah ya ba ta, kuma ta san ya ba ta. Wannan sanin ne ma ya ɗan yi mata yawa.

To, ana saura 'yan makonni bikin Khairiyya, marainiyar da ta riƙa tun ranar da ƙanwarta ta rasu wajen haihuwarta, Mairo ta hau acaɓa daga kasuwar Gwiwa rungume da kwanukan jere. Wani bijimi ya ga dama ya tsallaka hanya. Kwanuka ko lotsawa ba su yi ba, haɓar Mairo ce ta sha ƙasa.

Mai ɗori ya duba ya ce shi ƙafa da hannu ya gada, bai gaji baki ba. A asibitin Kazaure aka ɗauki hoto, aka ce muƙamuƙi ya karye wuri biyu, sai Kano. Can aka yi mata tiyata, aka haɗa ƙashin da ɗan ƙarfe da ƙananan kusoshi, sannan aka ɗaure haƙoran sama da na ƙasa da waya.

"Baba, magana ta tsakanin haƙora za ki iya," in ji likitar. "Amma ba tauna, ba buɗe baki, sai kin dawo mun kwance da kanmu. In kika taɓa wayar nan ƙashin zai haɗu a karkace, ki ƙare rayuwarki kina cin tuwo ta gefe."

Ranar kwancewar kuwa ta faɗo bayan biki.

Mijinta Malam Yakubu ya yi mata jaje iya jaje, amma an ji shi a majalisa yana cewa rabon da ya gama zance a gidansa ba a katse shi ba tun yana ango. Kunu da farau-farau da romo take zuƙa ta siririn bututun roba. Duk wannan bai dame ta ba. Abin da ke cin ranta ɗaya ne: ta yi wa 'ya'yan gari kaf guɗa, har da na waɗanda ba sa gaishe ta, ga tata za ta fita shiru kamar an sato ta.

"Kwantar da hankalinki, Yaya Mairo, ai ga ni," in ji Sadiyya maƙwabciyarta.

Mairo ta runtse ido. Guɗar Sadiyya, Allah na gani, in ka ji ta sai ka leƙa ka ga ko akuya ce igiya ta shaƙe.

Ranar kai amarya da la'asar gida ya cika. Motocin dangin ango daga Yankwashi suna ƙofa, Sadiyya ta yi tata guɗar har sau uku, mata suka ce madalla saboda zumunci. Mairo ta shiga ɗaki don yi wa amarya nasihar ƙarshe, ta saki labule. Da ta sunkuya, wani abu ya faɗo daga ƙugunta ya yi ƙara a daɓe. Filayar gyaran keken Malam Yakubu ce.

Khairiyya ta ɗaga mayafi, ta dubi filaya, ta dubi Innarta.

"Inna, me za ki yi da wannan?"

"Sau ɗaya kawai," Mairo ta ce ta tsakanin haƙora. "In na gama a mayar."

"Wallahi in kika tsinke wayar bakinki ba zan shiga motar nan ba."

"Shiru za ki fita ke nan? Me zan ce wa uwarki ranar da muka haɗu?"

Nan hawaye ya zubo mata, ga shi ko kukan ma ba damar buɗe baki a yi shi yadda ya kamata. Khairiyya ta taka filayar da ƙafa. Ta kamo hannun Mairo, ta ɗora yatsun nan biyu a kan nata hancin.

"Riƙe min, Inna. Yadda kike riƙe naki."

Amarya da guɗar kanta! Abin kunya ne da ba a taɓa ji ba. Mairo ta zaro ido, ta waiga ta ga labule a sake, sannan ta matse hancin.

Abin da ya fito daga ɗakin nan ya sa tsakar gida ta yi tsit. Yarinyar da ta girma a goye a bayan mai guɗa, kunnenta a jikin wuyanta, ashe ba barci kawai take yi ba. Har 'yar karyawar nan ta ƙarshe da babu mai iyawa sai Mairo, ta kawo ta. Mata suka ɗauka gaba ɗaya, wata tsohuwa tana cewa, "Yanzu aka yi biki!"

Malam Yakubu ya keta ta cikin mata ya faɗo ɗakin babu ko sallama, hula a hannu.

"Mairo! Tsinkewa kika yi?"

Ta yage leɓe ta nuna masa waya, tana nan daram. Amarya kuwa tuni ta koma cikin mayafi, tana sheshsheƙa kamar yadda ake so amarya ta yi. Ya dubi wannan, ya dubi waccan, ya tsinci filayarsa, ya fita.

Mairo ta share ido da gefen zane, ta gyara wa 'yarta lulluɓi, ta sunkuya daidai kunnenta.

"Numfashinki gajere ne," ta ce a hankali. "In kika zo gida wankan jego zan gyara miki. Tashi mu je, 'yata."