Awa Tara a Tirelar Auta

Shekara ashirin da shida na yi ina jan tirela kafin hawan jini ya kayar da ni a bakin gareji. Na tashi hannun hagu ba ƙwari, kamfani ya karɓe makulli. Tun daga nan ba ni da aiki sai zaman falo da neman wanda zan yi wa faɗa.

Auta na samu. Ita ce ƙaramar 'yata. A kantin magani take aiki, in ta dawo sai ta buɗe kwamfuta a teburin cin abinci tana haɗa gem, wato wasan kwamfuta. Ba wanda ya sa ta. A intanet ta koya. Ita ke zana komai, ita ke rubuta waɗannan ƙananan rubuce-rubucen da ke sa abu ya motsa.

Wata Asabar na ji ta da ƙawayenta biyu suna ta ƙyalƙyala dariya. Na leƙa kwamfutar. Wata jar tirela ce ke tsallake gada kamar akuya, ta dira ko girgiza babu.

Na ce, "Wace irin ƙarya ce wannan? Mota mai tan talatin? Ai tana dira sifirin ya karye, direba sai lahira."

"Baba, ai wasa ne."

"Wasa da sana'ar ubanki?"

Ƙawayen suka sulale. Ita kuwa ta jawo mini kujera ta ce, "To zauna ka gaya mini yadda take." Yanzu na gane tausayina ta ji. A lokacin na ɗauka ilimi take nema.

Shekara biyu muka yi a teburin nan. Na hana tsalle. Na sa ta saka giya goma sha biyu. Na ce mota ba ta tashi sai an duba ruwa da baƙin mai, an bubbuga kowace taya, sannan a jira minti biyar iska ta cika tankin birki. In ka cika taka birki a gangara, ya yi zafi ya ƙi kamawa. Tafiyar kuma awa tara ce cif, kamar yadda nake yin ta, daga wurin lodi zuwa wurin sauke kaya.

"Baba, a mayar da ita minti ashirin mana. Ba mai zaman awa tara."

"Ni na zauna. Da zaman nan kika yi makaranta."

Uwarta ta ce daga kicin, "Malam, ka bar yarinya da abinta." Na ce ta ji da tukunyarta.

Akwai taron da masu irin wannan abin ke yi sau ɗaya a shekara, a wani babban ɗaki saman bene. Kowa da teburinsa, mutane na zagayawa suna gwadawa. Auta ta nemi hutu a wurin aiki, ta buga takarda mai hoton motar. Abin da take so ba yawa: mutum ɗaya da bai san ta ba ya zauna ya buga, ya ƙi tashi. Na bi ta, har da sa sabuwar riga.

Na farko wani mai gilashi ne. Ya danna, ya danna, mota ba ta motsa ba.

"'Yar'uwa, abin naki ya sandare."

"A'a, jira za ka yi iska ta cika."

"Iska?"

Na ce daga bayanta, "Kai, haka ake yi. Ka taɓa riƙe sitiyari?"

Ya miƙe. "Baba, ni hutawa na zo yi, ba neman aiki ba." Abokansa suka bushe da dariya.

Mutum goma sha huɗu suka zauna a kujerar nan. Uku ne suka fitar da motar zuwa titi. Wanda ya fi daɗewa ya yi minti goma sha biyu, shi ma waya yake amsawa. A teburin da ke kusa da mu wani kwaɗo ne kawai yake tsalle a gem ɗinsu, layi har bakin ƙofa. Auta ta daɗe tana kallon kwaɗon. Ni kuma ina ta ce mata 'yan zamani ba su da haƙuri.

Da muka koma gida ta ɗora kwamfutar a saman durowa. Wata uku ba ta taɓa ta ba. Daga baya aka mayar da ita wani reshe na kantin, ta koma zama gidan yayarta. Ranar da za ta tafi na nuna mata kwamfutar.

Ta ce, "Ka riƙe, Baba. Dama taka ce."

Wata Talata da sassafe na sauko da kwamfutar. Na duba ruwa, na duba mai, na jira iska. Wallahi yarinyar nan ta iya aiki. Kukan injin daidai, nauyin kaya a kwana daidai. Da hannu ɗaya na yi ta tuƙi. Uwarta ta ajiye abinci ya huce.

Awa bakwai da 'yan mintuna, bayan doguwar gangara, kwalta ta yanke. Ba gida, ba bishiya, fari fat. Na taka birki, ina! Motar ta zarce ta faɗa cikin farin.

Na kira Auta a waya. "Auta, hanya ta yanke."

Ta ce, "Har can ka kai?"

"Na kai. Ina sauran?"

"Babu, Baba. Ban yi ba. Na san ba mai zuwa wurin."

"To ki zo ki ƙarasa. Ki yi yadda kike so, ba zan sa baki ba."

"Na gwada fara wani gem a nan. Duk abin da na zana sai in ji kana cewa ƙarya ne, in goge. Na haƙura." Na ji ana kiranta. "Ga mai jiran magani, Baba. Sai anjima."

Na ajiye wayar. Motar tana ta faɗuwa, injin na kuka, ni kuma ban san inda ake kashe ta ba.