Sunan Maganin Baba

Manaja tana ɗakin cika kwalabe na kamfaninta na magani tana duba murafe, sai likitan yara na babban asibiti ya kira ta. Ko gaisuwa bai tsaya yi ba.

"Maganin tarinku ya kwantar mini da yara uku. Ɗaya tun jiya ba ta yi fitsari ba."

Sanyin Ƙirji magani ne da mahaifinta ya haɗa da hannunsa, ya rasu ya bar mata kamfanin da sunan, kuma bai taɓa cutar da ɗan kowa ba. Ta ce a turo mata hoton kwalbar. Tambarin nasu ne, koren ganye a kan fari, amma murfin ba nasu ba ne. Iyayen sun ce a shafin kamfanin na intanet suka saya.

"Likita, mu ba ma ciniki a intanet."

"To wani yana yi, da sunanku."

Ta buɗe shafin. Ga sunan, ga hoton Baba yana murmushi, ga jabun magani a rabin kuɗi, har da alkawarin kawowa ƙofar gida.

Lauyan kamfanin ya saurare ta yana juya biro.

"Tambarinku na da rajista, ta nan ba mu da matsala. Amma adireshin shafin, da sunan wa aka buɗe shi?"

Nan take ta tuna. Auta ne, ƙaninta. Shi ya buɗe shi tun suna aiki tare, kafin su ɓata a kan wanda zai riƙe kamfanin.

"Za mu kai ƙara wajen masu sasanta rikicin sunayen shafuka," in ji lauya. "Za mu ci. Sai dai abin na ɗaukar wata biyu, ko fiye."

"Wata biyu? Barista, a yau ɗin nan wata uwa za ta ɗura wa ɗanta wannan gubar!"

Ta tarar da Auta a shagonsa na gyaran kwamfuta, kansa a cikin wata tsohuwar na'ura.

"A'a, Yaya! Ɓatan kai kika yi?"

Ta ajiye masa wayar a gabansa. Dariyar ta ɗauke daga fuskarsa.

"Sayar da adireshin na yi," ya ce a hankali. "Haushinki nake ji. Wani ya nema ta intanet, ko muryarsa ban taɓa ji ba. Wallahi na ɗauka masu talla ne."

"Karɓo shi."

"Yaya, ya bar hannuna."

"Auta, don girman Allah ka gwada. Ka ɗauki kujerar, ka ɗauki kamfanin duka, ni dai ka rufe shafin nan."

Ya gwada tsohuwar kalmar sirri, aka ƙi. Ya aika wa mai sayen saƙo, ya dawo. Ya kira kamfanin da ke riƙe da adireshin, aka ce sai da hukunci. Ya kifa kai a tebur yana kuka, ita kuwa ko hawayen ma sun ƙi zuwa.

Daga nan gidan rediyo ta nufa, don ta gargaɗi jama'a su daina shan maganin. Lauya ya kira ta a hanya.

"Manaja, in kika faɗi haka da bakinki, sunan nan ya mutu. Ko mun ci shari'a ba zai tashi ba."

"Na sani."

Da aka kunna mata makirufo, sai ta matso kusa da shi.

"Jama'a, ni ce mai kamfanin Sanyin Ƙirji. Duk wanda yake da shi a gida ya zubar. Ba za ku iya bambance namu da na jabu ba. Kada ku saya, ko a hannuna ne."

Masu kemis suka yi ta dawo da katan-katan har sito ya cika. Injina suka tsaya, ta sallami rabin ma'aikata tana kasa haɗa ido da su. Yara biyu sun warke. Ta ukun ta rayu, amma sai da wankin ƙoda, kuma Auta ne ke kai ta asibiti da motarsa ita da uwarta, ba tare da uwar ta san ko shi wane ne ba.

Ranar da hukunci ya fito, lauya ya kira cike da murna.

"Mun ci! Adireshi ya dawo hannunmu. Me za a sa a shafin?"

Manaja ta dubi ɗakin cika kwalabe, babu motsin kowa.

"Gargaɗin," ta ce. "Ka sa gargaɗin kawai, da manyan baƙaƙe."