Gurbin Baturiya a Damin Zumunta

"Matacce ba ya riƙe gurbi, Kaka Clementina," in ji Malama Scholastica, tana ƙwanƙwasa benci da wayarta. "Ko a motar Sabon Gari, wanda ya sauka ya sauka."

"To, ita wannan ba ta sauka ba," na ce. "Jiya ma ta kira Maman Eric."

"Ki daina cewa ta kira. Da hannunmu muka yi wa Baturiya wanka."

Taron safiyar Talata muke yi a ɗakin Zumuntar Mata, bayan cocinmu na Samaru. Scholastica ce sakatariyarmu, malamar sakandare ce, ba ta son magana mai jela. Ita ta samo mana dami a kamfanin waya: layi ashirin a ɗaure wuri guda kamar tsintsiya. A cikin damin muna kiran juna kati bai motsa ba, ga ɗan data, ga kuma waƙa. In 'yar dami ta kira 'yar dami, ba ƙarar nan ta tut-tut take ji ba. Waƙarmu take ji, wadda aka ɗauka ranar babban taro, Baturiya na bayarwa muna amshi, kiɗan tulu na tashi a ƙarƙashi. Tun da aka haɗa mu, tukunya ba ta ƙone a Samaru ba tare da na ji kafin hayaƙi ya lafa ba.

Da damina Baturiya ta rasu. An gama zaman makoki ke nan, wata safiya wayar Maman Eric ta yi ƙara, sunan Baturiya ɓaro-ɓaro a kai. Kokon da ke hannunta ya tafi ƙasa. Ta daure ta ɗauka, aka kashe. Washegari aka kira wata, ita ma tana ɗauka aka kashe. Mata suka shiga azumi. Ni kuwa abin da ban san gindinsa ba ya fi yunwa cin cikina, sai na hau keke mai ƙafa uku na tafi Sabon Gari, shagon Uzodinma wanda ya haɗa mana damin.

Ya duba kwamfutarsa ya ce, "Mama, layin nan lafiyarsa ƙalau. Wani ne ke riƙe da shi."

"To ya kamfani ke sanin waye a dami, waye ba ya ciki?"

Ya ce duk sanda na danna kira, kafin wayar can ta yi ƙara, wani inji a can nesa sai ya tambaya: wace ce wannan, wane dami take, me aka rubuta mata? Wannan kyauta, wannan da waƙa, wancan ba shi da komai. Duk kafin in ƙifta ido.

"Ni kaɗai, ko duk mutanen ƙasar nan?"

"Duk, Mama. Har mai rake da ke bakin titin can."

Sai da na nemi kujera. Na yi rabon tuwon biki ya fi a ƙirga, kuma ban taɓa gamawa ba tare da na ba wata kwanon wata ba. Ga wani mai rabo da ba shi da hannu, yana tsaye tsakanin mutum da mutum, bai taɓa ɓata kwano ba. Kafin in fita Uzodinma ya ƙara da cewa damin namu tsohon tsari ne, an daina irinsa. Ba a ƙara gurbi, ba a zare waƙar a ba na waje. Wanda aka cire, ya koma tut-tut.

A hanya na tuna Baturiya na da yaya, Ayashe, a wani ƙauye gaba da Shika. Makauniya ce, kuma ba ta taɓa taka coci ba, tana nan kan al'adar iyayensu. Washegari da sassafe ina kan mashin.

Na same ta zaune a gindin rumbu tana ɓarar gyaɗa. Muka gaisa, na ce ni ƙawar marigayiya ce. Ta kwance bakin zaninta ta fito da 'yar wayar Baturiya mai tsagaggen gilashi. A asibiti marigayiyar ta damƙa mata ita, ta kama yatsanta ta koya mata: wannan ki danna ƙasa yadda kika ga dama, wannan kuma ki danna sau ɗaya.

"Bari ki ji," in ji ta.

Ta danna. Sai jakata ta fara rawa a cinyata. Cikin mu duka, a kaina ƙuri'ar ta faɗa. Ni da ko a tsakiyar wa'azi nake sunkuyawa in ɗauki waya, ranar hannuna ya ƙi tashi. Daga 'yar wayar nan muryar Baturiya ta fito, siririya, tana hawa kamar yadda take hawa in ta lumshe ido. Muka amsa mata daga ciki, har da tawa muryar a baya, a karkace kamar kullum. Kaji suna tsaye, gyaɗa na zube, mace tana ƙarƙashin ƙasa a Samaru tana waƙa a gindin rumbun yayarta.

Da ta katse Ayashe ta ce, "Ni ban san inda kuka ce ta tafi ba. Amma ko ina ne, tana tashi da wuri." Ta mayar da wayar bakin zani. "In kuka ɗauka sai ta yi shiru. Shi ya sa nake kashewa."

Duk wannan na zayyana wa mata a taron Talata, har da ƙari kaɗan a wajen kajin. Amma Scholastica na da tata hujjar, kuma hujjar na zaune a gabanmu: Christabel, sabuwar 'yar Zumunta, ciki ya kai mata har wuya, mijinta na aiki a Kafanchan, ita kaɗai a ɗaki a Unguwar Gabas.

"Yarinyar nan naƙuda za ta kama ta, ta tsaya neman kati?" in ji Scholastica. "A zuba wa tsohuwa waƙar a memori, a ba mai rai gurbi."

"Na yi wa tsohuwar zancen," na ce. "Ta ƙi. Ta ce wancan gwangwani ne. A nan kuwa kiranta take yi, ta amsa."

"Ba 'yar Zumunta ba ce. Ko baftisma ba ta yi ba."

"Injin ma bai tambaye ta ba."

Aka yi dariya, ban da Scholastica. Ta juyo ta dube ni ta saman tabarau. "To, Kaka, tunda ke ce lauyarta, ki ba Christabel naki gurbin."

Maman Eric ta tuntsire da dariya.

"Nawa?" na ce. "Wa zai riƙa sanar da ku marasa lafiya?"

"Da wadda ta ari gwaggwaro, da wadda mijinta ya yi sabon gemu," wata ta ce daga baya.

Ana cikin haka wayar Scholastica ta fara rawa a kan benci. Na kusa suka leƙa suka ja baya. Baturiya.

Hannun Malama ya tafi don ya ɗauka, ya tsaya a sama. Mu a nan ƙarar waya kawai muke ji, amma kowace ta san abin da ke tashi a can gindin rumbu. Maman Eric ta fara amshi ƙasa-ƙasa, daidai inda ya kamata a shiga, ta kusa da ita ta kama, har ya zagaye ɗakin. Babu mai bayarwa a cikinmu, muna dai barin mata wurinta muna amsawa. Christabel da ba ta taɓa ganin Baturiya ba ta dafe cikinta tana kallon wayar. Scholastica ba ta yi amshi ba, amma na ga leɓenta na motsi.

Wayar ta yi shiru. Malama ta ɗauke ta, ta gyara tabarau, ta shiga danne-danne da ƙarfi kamar mai kashe kuɗin cizo. Can wayar Christabel ta yi ƙit, saƙon kamfani na yi mata maraba da shiga dami.

"Wa kika cire?" na ce.

"Kira ni ki ji."

Na kira. Babu Baturiya, babu tulu. Matar kamfani ce ta fito tana gaya mini katina bai isa wannan kira ba.

"Haba Malama, kanki kika cire? Wa zai riƙa kula mana da damin?"

"Ke, tunda kin san hanyar Sabon Gari." Ta rataya jakarta. "Kuma duk wadda ta sake ɗaukar wayar tsohuwar nan, ni da ita ne."

Ta fita, ta bugo ƙofar har kalandar coci ta faɗo daga bango.