Saura Mutum Ɗaya a Motar Mashi

Duk wanda ya taɓa neman motar Mashi a Daura ya san kiran Maliki ɗan kamasho: "Mashi, Mashi, saura mutum ɗaya!" To ni ina cikin masu sa maganar tasa ta yi kama da gaskiya. Sunana Rabi, amma tun da haƙoran gaba suka yi sallama da ni kowa Iya yake ce mini. Sana'ata zama. Da hantsi in yafa mayafi, in ɗauki jakata mai tsummokara a ciki, in shige bayan mota in yi fuskar matafiya. Fasinja in ya leƙo ya ga mota ta kusa cika sai ya biya ya shiga. Yana zama, ɗaya daga cikinmu zai tuna bai yi alwala ba, ya sulale. Haka kujera ɗaya za ta yi ta zama babu kowa har mu ƙare. Ladana koko da ƙosai da ɗan abin goro. Amma ba don ƙosan nake zuwa ba. Babu inda cikin mutum ke buɗewa kamar motar da ta ƙi tashi. Rabin labaran da ke yawo a unguwarmu daga kujerar bayan nan na kwaso su.

Ranar da zan ba ku labarinta tsakiyar bazara ce, kuma ba ranar kasuwa ba. Tasha ta yi tsit, ko awakin da ke kiwon ɓawon mangwaro sun fake a ƙarƙashin motoci. Mu uku Maliki ya zuba a cikin tsohuwar Gof ɗin direba Abbas: ni, da Hamma tsohon mai faci a gaba, da Malam Sha'aban a gefena. Sha'aban taubashina ne, ɗan kawuna, tun muna yara ba mu taɓa haɗuwa mun rabu ba mu tsokani juna ba. Shi kaɗai ne a cikinmu yake jin kunyar aikin. Kullum da babbar riga yake zuwa, a gida kuma cewa yake yi yana zagaya kasuwanni duba farashin hatsi. Fasinjan gaske ɗaya ne tak, wani dillalin awaki da ya biya tun safe ya kifa hula a fuska yana ta minshari kusa da Hamma.

Sai ga wata mace ta taho da sauri, rungume da kwali mai huji-huji. Kafin ta iso na ji kukan abin da ke ciki: 'yan tsaki ne, irin na gidan gona, suna ta tsiyu-tsiyu kamar za su fasa kwalin. Ta leƙo, ta ƙirga kawunanmu da ido, ta saki ajiyar zuciya.

"Yanzu za ta tashi ko?"

"Ke da mutum ɗaya ake jira, Hajiya," in ji Maliki, ya karɓe kuɗin kafin ta gama miƙowa.

Ta zauna jikin taga, ta ɗora kwalin a cinya. Na ba ta lokaci ta sha iska, sannan na fara aikina.

"Sannu 'yar nan. Waɗannan baƙin daga ina?"

Ba ta da wuyar tatsa. Sunanta Zubaida, daga wani ƙauye kafin a kai Mashi. Mijinta ya tafi cin rani Kudu, wayarsa ta daina shiga, gero kuma ya kusa ƙarewa a rumbu. Akuyarta ɗaya ta sayar ta yi odar 'yan tsakin nan daga Kano, motar safe ta kawo mata su. Ta share ɗaki ta zuba buntun shinkafa, ta tanadi ruwa da abinci, komai yana can yana jira. Mai sayarwar ya ja mata kunne: kada su daɗe a kwali, zafi ne ajalinsu.

"Iya, ke ma Mashi za ki?"

"In Allah Ya nufa," na ce. Wannan ai ba ƙarya ba ce.

Muka zauna. Rufin mota ya ɗau zafi har in ka taɓa shi sai ka janye hannu. Ledar kujera ta manne mini a cinya. Sha'aban ya ɗauko hirar jirgin ƙasan da ake shimfiɗa wa hanya, wai shi ba ya jiran cika, lokacinsa na yi zai tashi ko da mutum biyu ne.

"To ranar da ya fara aiki sai ka nemi wata sana'ar," na ce masa ƙasa-ƙasa.

Ya taka mini ƙafa. "Tsohuwar banza, rufe mana baki."

Can sai ga wata mai tallan sabulu da ƙaton kwando. Ta biya, aka ɗaure kwandon a but, ta matso cikinmu. Nan take Hamma ya dafa ciki, ya ce bari ya zaga. Zubaida ta bi shi da kallo har ya ɓace bayan rumfar mai shayi. Maliki ya buɗe murya: "Mashi, saura mutum ɗaya!"

"Ba ga shi mun cika ba?" in ji Zubaida.

"Dattijon can ya fasa, Hajiya. Ni zan ɗaure shi?"

Ta ce a ba ta kuɗinta ta fita bakin titi ta tari ta hanya. Maliki ya yi dariya, ya ce kuɗin da ya shiga aljihun kamasho ya zama mai a tanki. Ta ɗaga murya ta kira direba. Abbas yana kwance a benci ƙarƙashin darbejiya, ko kai bai ɗaga ba.

"Da tsadar man nan in tashi da kujera ba kowa? Ki yi haƙuri, baiwar Allah. Ni ma gida nake so."

Ta gyara zama jikin taga. A lokacin ne na lura kukan kwalin ya ragu. Ɗazu sai mun ɗaga murya muke jin juna, yanzu minsharin dillali ya fi shi ƙarfi. Ta ɗaga murfin. Sun buɗe bakuna, fukafukai a sake, wasu sun taru a kusurwa sun danne juna. Ta sa yatsa ta taɓa wani, bai motsa ba. Ta ɗauke shi ta ƙulle a bakin zaninta, kamar wani zai ce ta ba da lissafinsa.

Na sayi ruwan leda, muka riƙa ɗiga musu a baki da murfin kwalba. Mai sabulu tana yi musu fifita da gefen hijabi. Ni dai na shekara nawa a kujerar nan, na ga mai zuwa ɗaurin aure ya rasa ɗaurin aure, na ga mai zuwa asibiti ya fasa ya koma gida, ban taɓa jin komai ba sai daɗin labari. Amma mutum yana da baki, yana zagin Maliki ya huce. Waɗannan kuwa shiru kawai suke ƙara yi. Kuma na san abin da Zubaida ba ta sani ba: ba mutum ɗaya ya rage ba, uku ne, a rana irin wannan da fasinja ya fi ruwan sama wuya.

Ina cikin wannan tunani na hango wani dogo da jakar goyo ya nufo mu. Na gane shi tun daga tafiyarsa. Maharazu ne, malamin makaranta a Mashi, mijin Hussaina 'yar Sha'aban. Ni na yi wa Hussaina wankan amarci, ina zan manta shi?

Sha'aban ma ya gan shi. Dama layinsa ne na sulalewa. Ya sunkuyar da kai, ya kai hannu ga ƙofa a hankali. Sai na ɗaga cinya na danne gefen babbar rigarsa, na zauna a kai da duk nauyin da Allah Ya ba ni.

"Rabi, sakar mini riga," ya ce cikin raɗa. "Don girman Allah."

Na leƙa ta taga na kwaɗa kira: "Maharazu! Angon Hussaina! Ba ka ga Babanku ba ne?"

Yaron kirki. Nan da nan ya tuɓe takalmi a kan ƙasar nan mai zafi, ya durƙusa jikin ƙofa.

"Baba, barka da rana. Iya, ina wuni. Baba, ina zuwa haka cikin ranar nan?"

Sha'aban ya buɗe baki kamar ɗaya daga cikin 'yan tsakin. Me zai ce? Ya gaya wa surukinsa zaman ƙosai yake yi a motar da ba zai bi ba?

"Yo ina motar take zuwa?" na amsa masa. "Mashi za mu, ni da shi. Tun ɗazu yake lalube a aljihu, na ce ya bari mota ta cika tukuna."

"Haba Baba! Ina tsaye za ka biya kuɗin mota?" Ya miƙe ya juya wajen Maliki. "An karɓi na Baba da na Iya?"

Na daɗe ban ga abin da ya yi mini daɗi kamar fuskar Maliki a lokacin ba. Ya dube ni, ya dubi kuɗin da ke hannun Maharazu. Ɗan kamasho bai taɓa ganin kuɗi ya ce a'a ba.

"Ba a karɓa ba, Malam."

Dillali ya ɗaga hula daga fuska. "Au, ashe tun safe da waɗanda ba su biya ba nake zaune?"

Maharazu ya rantse Baba ba zai matsu a baya ba, sai gaba. Aka fito da Sha'aban, gefen rigarsa duk ya yamutse, aka cusa shi kusa da dillali. Maharazu ya zauna a bakin ƙofa, ni a tsakaninsa da matan, don dama amfanin tsohuwa a mota ke nan, katanga. Abbas ya taso yana miƙa. Da Maliki ya zo rufe ƙofa sai ya sunkuyo kunnena.

"Iya, kin kyauta. Motar da ke bin layi wa zai zauna mata? Gobe kada ki zo neman koko."

"Kokon naka da ba sukari," na ce.

Sai da aka tura motar kafin ta kama. Ba mu bar gari ba Abbas ya tsaya shan mai, daga nan ya tsaya karɓar saƙon wani buhu, Zubaida tana ta kallon kwali. Da muka hau titi sosai iska ta fara shigowa, mai zafi ce amma iska ce. Ta karkata hujojin kwalin wajen taga.

Maharazu kuwa ya ciro waya. "Hussaina, ɗora tukunya, ga su Baba nan tafe da Iya Rabi. Wallahi kuwa. A mota na same su." Na ga ƙeyar Sha'aban ta ƙame. Zai sauka gidan 'yarsa ba sanarwa, hannu rabbana, ko ƙullin goro babu.

"Baba, wa za ku gani a Mashin? In raka ku."

"Tambayi Iyarku," in ji Sha'aban, bai juyo ba. "Ita ta san hanya."

Gwiwata ta fara zugi, ƙugun mai sabulu yana soke ni a haƙarƙari, kowane rami sai kaina ya gaisa da rufi. Rabona da tafiyar mota har na manta, ashe zaman ma da ake biyana ya fi sauƙi.

A wata mararraba Zubaida ta ce a sauke ta. Akwai bishiyar kuka a wurin, da ɗan acaɓa guda yana gyangyaɗi a kan babur. Ta fita da ƙyar, ƙafafunta sun sage. Abbas ya buɗe gaban mota yana zuba ruwa, don haka na samu ganin komai. Ta durƙusa a inuwa ta buɗe kwalin. Ta riƙa tsamo waɗanda suka mutu tana jerawa a gindin kukar, ta kwance na bakin zaninta ta haɗa da su. Sun yi ɗan tsibi. Amma na cikin kwalin sun fi yawa nesa ba kusa ba, kuma da inuwa ta ratsa su sai ga kai yana ɗagowa, ga wani yana taka ɗan'uwansa, kukan ya fara dawowa kaɗan-kaɗan.

Ta rufe, ta miƙe, ta matso jikin tagar. Na gyara zama ina jiran godiya.

"Iya, na gane ba tafiya kika fito ba. Tun da tsohon can ya zaga bai dawo ba na gane." Muryarta a gajiye take, babu faɗa a ciki. "Allah Ya saka da abin da kika yi. Amma da tun da na leƙo kin girgiza mini kai, da waɗancan ma suna cikin kwali."

Ta ɗora kwalin a cinya a bayan babur, ta rufe shi da gefen mayafi saboda rana. Suka gangara hanyar ƙauye a hankali, ina jiyo tsiyu-tsiyu ɗin har Abbas ya rufe gaban mota ya tayar.